Kafin Ku Miƙa Ƙafa Ga Mai Yankan Farce

 'Ya'yana, yau maganar ƙafa nake so mu yi, da faratan da ke kanta, domin na lura ita ce gaɓar da muka fi ɗora wa wahala, kuma ita muka fi mantawa da ita. Mutum zai duba fuskarsa a madubi safe da yamma, amma sai a yi wata guda bai sunkuya ya buɗa tsakanin yatsun ƙafarsa ya ga halin da suke ciki ba. In farce ya yi tsawo sai ya miƙa wa wanda ya samu, ya ci gaba da hirarsa, ko kallon ƙarfen da ake sa masa a jiki ba ya yi.

Yanke farce abu ne da addini ya kwaɗaitar da mu a kai. Yana cikin sunnonin fiɗira, kuma a hadisin Anas da Muslim ya ruwaito an iyakance kada a bar shi ya wuce kwana 40. Saboda haka ba wanda zai ce muku ku daina. Abin da nake so ku tsaya ku duba shi ne, da wane ƙarfe ake yanke muku, kuma wa aka yanke wa da shi kafin ku.

Dukanmu mun san masu yankan farce. A rumfar kasuwa, a tasha, a ƙofar masallaci ranar Juma'a, tun kafin ka ga yaron za ka ji yana kaɗa almakashinsa. Kayan aikinsa ba yawa: almakashi, 'yar wuƙar kankara, gorar ruwan sabulu, guntun soso da tsumma. Ba na so ku raina waɗannan bayin Allah. Da yawansu cin rani ya kawo su birni, sun zaɓi su durƙusa gaban ƙafar mutane su nemi halaliyarsu maimakon bara ko ɗauke-ɗauke, kuma wasunsu sun ƙware ƙwarai. Sai dai almakashin nan guda ɗaya ne, tun hantsi yake yawo daga ƙafa zuwa ƙafa, abin da ke tsakanin wannan mutum da wancan bai wuce goga ɗaya da tsumma ba. Kuma kun san yadda muke son aikin: sai an kankare gefe, an shiga lungu, an cire 'yar fatar nan, sannan mu ce yaro ya iya. A wajen kankarar nan ne ake yin 'yar yankar da ba a kulawa da ita. Wani lokaci ka ga ɗigon jini, a danna soso a kai, a ce sannu. Wani lokaci ko jinin ba za ka gani ba, sai ruwan alwala ya taɓa wurin ka ji raɗaɗi.

Da an ambaci jini hankalin mutane kan tafi ga ƙanjamau. Ƙwayar ƙanjamau ba ta daɗewa a raye in ta bar jiki, don haka samunta ta wannan hanya abu ne mai wuya, ko da yake ba a wasa da shi. Wadda ta fi damuna ita ce ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa tana iya rayuwa a wajen jiki aƙalla kwana 7, ko da jinin ya bushe ido ba ya ganinsa, kuma ta fi ta ƙanjamau saurin kama mutum nesa ba kusa ba. Babban binciken da aka yi a faɗin Nijeriya a 2018 ya gano kashi 8.1 cikin 100 na mutanen da ke tsakanin shekara 15 da 64 suna ɗauke da ita, wato kusan mutum ɗaya cikin kowane 12. Nau'in C kuma kashi 1.1. To ku yi lissafi da kanku, ku ga ƙafa nawa almakashi ɗaya yake taɓawa daga Asabar zuwa Juma'a. Mafi yawan masu ɗauke da ita ba su san suna da ita ba, lafiya lau suke harkokinsu, sai bayan shekaru hanta ta ƙanƙance ko ta yi daji, ciki ya kumbura, ido ya yi rawaya, a shiga neman maganin shawara alhali aikin gama ya gama.

Gaskiya ce, a ƙasashenmu yawancin masu wannan ciwo tun suna jarirai ko ƙananan yara suka same shi, daga uwa wajen haihuwa ko a cikin gida. Ƙarfen yankan farce ƙaramar ƙofa ce in an gwada da waɗannan. Amma ƙofa ce da rufe ta ba ya cin komai. Ka sayi nelkota naka, da ɗan almakashi, da abin goge bakin farce, ka zuba a 'yar jaka ka ajiye a aljihun mota ko a shago. In mai yankan farce ya zo ka miƙa masa naka, ya yi aikinsa, ka biya shi kuɗinsa cif. Shi bai rasa ciniki ba, kai ba ka ɗauko abin da ba ka sani ba. Ku ɗauki kayan yankan farce kamar asuwaki: ba wanda yake karɓar na maƙwabcinsa ya sa a baki. Wannan har cikin gida. Rezar nan guda da uwa take bi da ita ta yanke wa yara shida farce a jere, a daina. Reza sabuwa ga kowa, in an gama a jefa ta inda yaro ba zai tsinta ba.

Kada kuma ku yarda cewa ruwan sabulu, ko goga sipirit sau ɗaya, ko ɗan haska wutar ashana a bakin almakashi ya wanke shi. In dole ne a yi tarayya a ƙarfe, a fara wanke shi tas da sabulu da buroshi har cikin mahaɗarsa, sannan a tafasa shi minti 20 ana lissafawa daga lokacin da ruwa ya fara tafasa, a bar shi ya bushe. Mai yawo a titi ba shi da halin yin wannan tsakanin mutum da mutum, shi ya sa nauyin ya dawo kanku. Sannan ku je a gwada jininku. Wanda ba shi da ciwon hantar ya yi allurar rigakafi, guda uku ce: ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida. A Nijeriya sai a 2004 aka sa ta cikin alluran jarirai, don haka duk wanda aka haifa kafin nan kada ya ɗauka an yi masa. Shi ma mai yankan farcen ku gaya masa ya je a yi masa, domin hannunsa ne kullum kusa da jinin mutane.

Ke kuma 'yata, na san yanzu ba a biki sai an je wankin ƙafa. Ba laifi ba ne mace ta gyara jikinta, abin so ne. Amma kada kyan shago ya rufe miki ido. Kujera mai laushi da sanyin na'ura ba su ne tsabta ba. Baho mai motsa ruwa, wanda ake zuba ƙafa a ciki yana kumfa, yana da rariya da bututu a ɓoye, kuma a nan gashi da ɓawon fata da guntayen farce suke taruwa in ba a kwance an wanke ba. A shekarar 2000, a wani shagon gyaran farce a jihar Kaliforniya ta Amurka, mutum fiye da 100 suka fito da maruru a ƙwauri. Da aka bincika sai aka tarar da ƙwayar cutar, wata 'yar uwar ƙwayar tarin fuka, a cikin dattin da ya taru bayan rariyar bahon. Marurun ba irin wanda ke fashewa ya warke a mako ba ne, wasu sun yi watanni suna shan magani, kuma ya bar musu tabo. An kuma lura waɗanda suka aske gashin ƙafa da reza kafin su je sun fi kamuwa, saboda reza tana barin ƙananan tsagu a fata. Shi ya sa ake cewa kada ki yi aski ko cire gashi a cikin awa 24 kafin wankin ƙafa, kuma in kina da ƙurji, ko yanka, ko cizon sauro da kika sosa ya fashe, ki haƙura sai ya warke. Robar wanka ta gida wadda aka wanke a gabanki ta fi wancan bahon aminci. Ki tafi da tawul ɗinki da dutsen goge kaushinki, domin dutse da soso ba sa wankuwa daga cuta.

Abu biyu nake so ki hana a yi miki, ko da mai shagon ta ce haka ake yi wa kowa. Na farko, yanke siririyar fatar da ke gindin farce. Allah bai yi ta a banza ba, ita ce ta liƙe tsakanin farce da nama don kada ruwa da datti su shiga inda farce ke tsirowa. In an cire ta wurin ya buɗe, bayan kwana biyu gefen yatsa ya kumbura, ya yi zafi, yana zogi kamar ɗan karkare, har ya tara mugunya. Na biyu, fere kaushi da reza. Da hunturu diddige kan yi faso, mace ta ji kunyar sa takalmi buɗaɗɗe, sai ta bari a yi ta yanka har a kai ga jan nama. Ranar za ta ga ƙafa sumul, amma fata in an fere ta da yawa ƙara kauri take yi, ga kuma rauni a wurin da yake taka ƙasa. Abin da ke maganin kaushi haƙuri ne: a jiƙa ƙafa kaɗan, a goga dutse a hankali, a shafa man kaɗanya ko basilin da dare a sa safa, a yi ta yi kullum. Farcen kanti da jan farce kuwa, ban da maganar alwala da kuka sani, suna rufe farce watanni ba a ganin abin da ke faruwa a ƙarƙashi, sai ran da aka cire a tarar ya canza launi.

Yanzu bari mu zo kan farcen da ke shiga nama, wanda ya fi kama babban yatsa. Duk wanda ya taɓa yinsa ya san ko bargo ya taɓa wurin sai ya zabura. Yawanci mu muke jawo shi da hannunmu. Muna yanke farcen ƙafa yadda muke yanke na hannu, mu zagaye shi, mu bi gefe mu nutsa. In an nutsa gefen, wani ɗan tsini kan saura a can ciki inda almakashi bai kai ba, farce na tsirowa yana tura tsinin cikin nama. Sai mutum ya koma a ƙara haƙo masa, ya ji sauƙi na mako biyu, abin ya dawo fiye da da. Farcen ƙafa a miƙe ake yanke shi, a bar kusurwoyinsa biyu suna bisa nama ana ganinsu, a ɗan goge kaifinsu kawai. Kada a yanke shi ƙurmus, a bar shi daidai da bakin yatsa. Bayan wanka ya fi daɗin yanka, lokacin ya yi laushi. Takalmi ma yana da nasa laifin, musamman sau-ciki mai tsinin baki, da takalmin makaranta da yaro ya girme shi ana cewa ya lallaɓa zuwa ƙarshen zango, da takalmin ƙwallo na aro.

In abin bai yi nisa ba, a riƙa jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi da ɗan gishiri kamar minti 15, sau biyu ko uku a yini, a tsane ta sosai, a koma sa silifa har farcen ya tsiro ya wuce wurin. Amma in ya fara mugunya, ko wani jan nama ya tsiro ya hau kan farcen yana jini, to ya wuce aikin gida. A asibiti allurar kashe zafi ake yi wa yatsan, a cire siririn gefen farcen da ke sukar nama, in yana yawan dawowa a kashe tushen wannan gefen da magani don kada ya sake tsirowa. Aiki ne ƙarami, a ranar mutum yake komawa gida. Ina roƙonku, kada ku zuba wa ciwo man birki, ko ruwan batir, ko kananzir, ko toka, ko ku fasa kafso ku barbaɗa. Waɗannan ƙona naman suke yi, su bar likita da aiki biyu. In kuma ƙarfe mai datti ya yanke ku sosai, ku tambaya ko kuna bukatar allurar tetanus.

Akwai kuma farcen da ke yin kauri, ya yi rawaya ko ruwan ƙasa, yana marmashewa, wani lokaci ya ɗago daga nama. Sau da yawa ƙwayar cuta ce dangin wadda ke kawo makero, kuma takan faro ne daga cin ruwan da ke tsakanin yatsu, wurin ya yi fari, yana ƙaiƙayi, yana tsagewa. Mu da muke wanke ƙafa sau biyar a yini ya kamata mu fi kowa lura da wannan. Alwala tsabta ce, amma mayar da jiƙaƙƙiyar ƙafa cikin safa da rufaffen takalmi shi ne yake ba cutar wurin zama, haka ma silifan bayi da kowa ke zurawa. Ka tsettsefe yatsu wajen wankewa, to ka bi su ka tsane wajen gamawa. Safa a canza kullum, takalmi a sa shi a rana.

Cin ruwa yana jin man shafawa na kemis in an dage makonni, sai dai ku guji man nan mai haɗin magani uku da ake sayarwa don kowane ƙaiƙayi. Akwai sinadarin da ke kwantar da ƙaiƙayi a cikinsa, kuma shi ne yake ƙara wa cutar ƙarfi a ɓoye. In ta riga ta shiga farce, shafe-shafe ba ya cika kaiwa gare ta. Likita kan ba da ƙwaya, irin su terbinafine, a sha kamar mako 12, kuma yakan so ya san lafiyar hanta tukuna, don haka ba maganin da mutum zai saya da kansa ba ne. Ko an kashe cutar ba za ku ga farce ya yi kyau nan take ba. Farcen ƙafa kusan milimita ɗaya da rabi kawai yake tsirowa a wata, kafin sabo ya maye gurbin tsoho sai an yi shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Masu tallar maganin da zai gyara farce a mako ɗaya kuɗinku kawai suke so. Kuma ba kowane farce mai kauri ne ke da cuta ba, tsufa da yawan bugun takalmi ma suna sa haka, shi ya sa yake da kyau a duba kafin a fara shan magani.

Baƙin da ke fitowa a farce bayan tuntuɓe jini ne ya kwanta, yana tafiya gaba tare da farcen har ya fita. Siririn baƙin layi a farce ma abu ne da aka saba gani a jikin baƙar fata. Amma wanda ya fito sabo a yatsa ɗaya, yana faɗi, ba ya tafiya, ko baƙin ya malalo kan fatar gefe, a kai shi ga likitan fata. Akwai dajin fata da ke farawa a nan. Shi ne ya kama mawaƙin Jamaika Bob Marley a ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafarsa a 1977, aka fara ɗaukarsa raunin ƙwallo, ya rasu a 1981 yana da shekara 36.

Maganar da ta fi nauyi a zuciyata ita ce ta masu ciwon suga, domin yanzu da wuya gidan da ba shi. Ciwon suga in ya daɗe yana kashe jijiyoyin ji a ƙafa, yana kuma rage gudun jini zuwa can. Mutum zai taka ƙusa bai ji ba, a yanke shi wajen gyaran farce bai ji ba, ciwon kuma ba ya saurin warkewa. Mafi yawan ƙafafun da ake yanke wa masu suga a asibiti da ɗan ƙaramin gyambo suka fara, irin wanda aka ce ba komai. Saboda haka mai ciwon suga ba shi ba mai yankan farcen titi, ba shi ba wankin ƙafa na shago, ba shi ba reza, ko sabuwa ce. Kada ya daɗe da ƙafa a ruwa. Kada ya gwada zafin ruwa da ƙafa, ya gwada da gwiwar hannu. Da hunturu kada ya miƙa ƙafa ga kaskon wuta, da bazara kada ya taka dandamalin masallaci ba takalmi da tsakar rana. Kafin ya sa takalmi ya zazzage shi, ya lalubi cikinsa da hannu. Mai kuma a shafa a sama da tafin ƙafa, ban da tsakanin yatsu.

A nan ne aikinku yake, ku masu ƙarfin ido. Baba ko Inna da suka manyanta ba sa iya sunkuyawa, idonsu ba ya ganin gefen farce, kuma ba za su ce muku komai ba don kada su ɗora muku nauyi. Ɗaya daga cikinku ya ɗauki wannan ya zama nasa. Kowace rana, a wuri mai haske, ya ɗora ƙafar a cinyarsa, ya duba diddige, da tafi, da tsakanin kowane yatsa. A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, don haka ku lura da wurin da ya fi sauran duhu, ko yake sheƙi, ko ya fi ɗaya ƙafar zafi in kun taɓa da bayan hannu. Farcen da ya yi kauri har nelkota ba ya kama shi, kada ku yi kokawa da shi, ku goge bakinsa kawai, ku kai su asibitin da suke karɓar magani a yanke musu. In kuka ga ƙurji ko tsaga ko bororo a ƙafar mai suga, ko yatsa ya fara baƙi, ko wari, ko kumburi yana hawa sama, ko kaluluwa ta fito a matsematsi da zazzaɓi, a ranar za ku kai shi, ko da shi da bakinsa ya ce ba ya jin zafin komai.